Littafin aikina: madubin ƙyalli da awon tsawon ran haske

Litinin, 4 Nuwamba 2024

Yau aka buɗe kwalin. Sabon madubin duba ƙwayoyin cuta ne a ciki, ya kwana uku a ofishin Oga ba wanda ya taɓa shi, sai da jami'in da ke zagaya ɗakunan gwajin tarin fuka na shiyyarmu ya iso daga Dutse da hantsi. Shekarata shida ina duba kaki da hanyar Ziehl-Neelsen: a zuba jan rini, a gasa har ya yi tururi, a wanke, a ɗiga mai, a kafa ido ana neman jajayen sanduna cikin shuɗi, fili ɗari kafin a ce babu. Sabon madubin fitilar LED mai shuɗin haske gare shi, rininsa kuma oramin. Ƙwayar cutar ta sha rinin, shuɗin haske ya sauka a kanta, ita kuma ta mayar da ruwan ɗorawa mai ɗan kore a cikin baƙin fili. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar komawa ga irinsa tun 2011. Mu a nan ƙasar Ringim sai yanzu rabonmu ya tsaga.

Abu biyu zan koya tare, shi ya sa na buɗe littafin nan. Na farko madubin, da hannuna. Na biyu Yaya ce ta jawo shi, 'yar baffana da ke digiri na uku a Jamus. Da na tura mata hoton kwalin sai ga kiranta: "To ƙanena, ka shigo unguwarmu ke nan." Aikinta shi ne auna lokacin da rini ke riƙe haske kafin ya sake shi, abin da suke kira FLIM. Na'urar awon ba ta ɗakin gwajin ƙauye ba ce, amma ta ce lissafin kam kwamfutata za ta ɗauka. Za ta riƙa aiko da fayil, mu zauna a waya duk daren Asabar bayan isha. A hunturu agogonmu da nasu ɗaya ne.

Talata, 5 Nuwamba

Malam, jami'in, ya tsaya a kaina tun safe. Shafi siriri, yadda za a iya karanta rubutun jarida ta bayansa. A bari ya bushe, a gifta shi ta harshen wuta sau uku. Oramin minti 20, ba a gasawa. A wanke. Asid-alkohol minti 2. A wanke. Famanganet minti 1 kacal, a wanke, a shanya a inuwa. Ba mai, ba gilashin da ke kan girman ɗari: a nema da girman 200, a tabbatar da 400.

Silaid na farko da na leƙa na mai cuta da yawa ne. Wallahi sai da na ɗago kai na sake komawa. Kamar sararin samaniya a daren da ba wata, kowane tauraro kuma ɗan sanda ne siriri mai ɗan lanƙwasa. Abin da kan ci min minti goma da jan rini, na gan shi kafin in gyara zama. Warin finol mai tururi da ke kama maƙogwaro shi ma babu.

Malam ya koma da la'asar. Ya bar min silaid biyu na awo, mai cuta da marar cuta, ya ce kada in rina na kowa ba tare da irinsu a jere ba.

Juma'a, 8 Nuwamba

Ranar farko ni kaɗai, kuma na ɓata aiki.

Silaid bakwai na jera. Ina zuba famanganet aka kira ni ɗakin haihuwa, mace na zubar da jini, ana son rukunin jininta yanzu-yanzu. Na tafi, kuma ko gobe aka kira zan tafi. Amma da na dawo famanganet ya fi minti biyar a kai. Na wanke, na shanya, na leƙa: duhu. Har silaid ɗin awo da na san cike yake da ƙwayoyi, da ƙyar na hango wasu 'yan dishi-dishi. Famanganet aikinsa ya kashe ƙyallin tarkacen da ke kewaye, idan ya daɗe sai ya haɗa har da na ƙwayar. Da babu silaid ɗin awo a jeren nan, da na rubuta wa mutum shida "babu". Wannan tunanin ya hana ni sukuni har a sahun Juma'a.

Bayan an sauko na sake shafi daga ragowar kakin. Wannan karon akasin haka aka samu: ko'ina ƙyalli, ɗigo-ɗigo, ɓaraguzai, zare-zare. Na kira Malam. Tambaya uku ya yi: ka tace rinin? Da wane ruwa ka wanke? Tagarka a buɗe take? Duk ukun sun kama ni. Ban tace ba, da ruwan tanki na wanke, hunturu kuma ya fara zubo ƙura ta taga. Na shaida wa Oga, muka ce wa masu jira su dawo Litinin. Biyu daga cikinsu daga nesa suka zo a kan babur, kuɗin hanyar nan ba ƙaramin abu ba ne a wurinsu.

Asabar, 9 Nuwamba

Darasin farko da Yaya, awa ɗaya da rabi, layi ya yanke sau huɗu.

Ta fara da abin da na gani da idona: shuɗi ya shiga, ɗorawa ta fito. Hasken da ke fitowa kullum ya fi wanda ya shiga rauni, don rinin ya ɓatar da wani kaso a matsayin zafi. George Stokes ne ya bayyana haka a 1852, shi ya raɗa wa abin suna fuloresens. Tsakanin shiga da fita akwai ɗan jira na nanosakan kaɗan. Nanosakan ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na daƙiƙa. Ta ce in ɗauko rula mai santimita 30: iyakar tafiyar da haske ke yi cikin nanosakan ɗaya ke nan. Na daɗe ina kallon rular.

Ba duk ƙwayoyin rini ne ke saki a tare ba. Kamar watsewar kasuwa ne, da fari jama'a na fita rututu, sannan tsilla-tsilla, har a bar 'yan kaɗan. Lokacin da ƙyallin ke ɗauka ya sauko zuwa kashi 37 cikin ɗari na farkonsa, shi ne tsawon ransa. Abin da ya fi kama ni shi ne da ta ce ƙarfin haske yana bin yawan rini, da kaurin shafi, da ƙarfin fitila, amma tsawon rai bai damu da waɗannan ba, yana bin irin rinin ne da wurin da ya sami kansa. Na ba ta labarin jiya. Ta ce, "Ka ga, duk abin da ya ruɗe ka jiya ƙarfin haske ne."

Talata, 12 Nuwamba

Takardar tacewa, jarkar tataccen ruwa, kwalba mai duhu, agogon girki mai ƙararrawa: ₦9,800, Oga ya biya rabi. Na liƙe tagar da leda. Silaid tara, awo ya fita daidai.

Alhamis, 14 Nuwamba

Na sayi tocilan duba kuɗi a kasuwa, ₦2,500. Da dare na daka ganyen zogale cikin sifirit, na tace a kwalba, kore shar. Na kashe fitila na haska: ja wur, kamar garwashi. Yaran gida suka yi ta ihu. Inna ta matso ta ce, "Kai, wannan wane irin siddabaru ne?" Na ce, "Inna, zogalenki ne na bayan ɗaki." Ta karɓi tocilan ta haska da kanta, ta kuma haska farar rigata da aka wanke da omo, ita ma ta ɗau shuɗi. Nan na gane inda zare-zaren ranar Juma'a suka fito.

Asabar, 16 Nuwamba

Ba darasi. Fayil ɗin da ta aiko da Fiji, manhajar nazarin hotunan madubi, sun ƙi sauka. A gida sabis sanda ɗaya ne, sai na hau babur zuwa bakin kwalta, na zauna gindin wata tsamiya daga magariba har ƙarfe tara. Data ₦3,500, mai lita ɗaya ₦1,150. Fiji kyauta ce, ta sauka. Da na buɗe fayil ɗin kwamfutar ta daskare.

Asabar, 23 Nuwamba

Matsalar ƙwaƙwalwar kwamfutar ce, 4GB ba ta isa ba. Kowane ɗigon hoton FLIM ba lamba ɗaya ke cikinsa ba, lamba 256 ne, ɗaya ga kowane yankin lokaci. Na shiga Kano ranar Laraba, aka sa min 8GB na hannu a Titin Beirut, ₦14,000, mota zuwa da dawowa ₦6,000. Kuɗin riɗin da na sayar ne. Ban yi nadama ba.

Yau ta bayyana yadda ake tara lambobin. Leza na ƙyaftawa sau miliyoyi a daƙiƙa. Duk ƙyaftawa agogo ya tashi, foton (ƙwayar haske guda) na farko da ya dawo ya tsayar da shi, a jefa shi cikin gurbin lokacinsa, kamar mai ware gyaɗa tsibi-tsibi. Bayan miliyoyin ƙyaftawa tsibin ya zama gangare, sama a hagu, yana sulalewa zuwa dama. Dole a rage hasken yadda mafi yawan ƙyaftawa ba za su dawo da komai ba, in ba haka ba masu saurin zuwa su riƙa tare wa na baya hanya, rai ya fito gajere fiye da gaskiyarsa.

Fayil ɗin na fuloresin ne, rinin da kowa ya san ransa, wajen nanosakan 4. Da shi ake gwada ma'auni, kamar silaid ɗin awona.

Talata, 26 Nuwamba

Malam ya aiko da silaid goma a rufe, ban san amsarsu ba. Takwas na ci. Biyun da na faɗi duk iri ɗaya ne: na rubuta "kaɗan" alhali babu komai. Ya zo da kansa muka zauna a kan ɗaya. Abin da na ƙirga yana walƙiya sosai, har ya fi ƙwayar gaskiya haske, shi ya ja idona. Ya juya zuwa 400 ya ce, "Duba siffa, bar haske." Ɗaya ƙwallo ne mai tsage-tsage, ɗaya kuma ya yi tsawo da kauri. Ƙwayar tarin fuka siririya ce, tsawonta bai fi maikuromita (kashi ɗaya cikin dubu na milimita) 2 zuwa 4 ba, gefenta sumul, wani lokaci da ɗigo-ɗigo a jikinta kamar carbi. Na ce, "Malam, ku yi haƙuri, na yi garaje." Ya ce wata shida na magani ba abin da za a ɗora wa mutum don ƙurar hunturu ba ne. Zai sake aiko da wasu goma a sabuwar shekara.

Asabar, 30 Nuwamba

Fezo, hanyar mayar da gangaren nan ɗigo guda. Yaya ta ce kafin in taɓa wata manhaja in yi shi da hannu a Excel, layi 256. Kowane adadin foton a ninka shi da kosain na lokacinsa, a tara, a raba da jimilla, a sami G. A sake da sain, a sami S. Gangaren nan gaba ɗaya ya koma ɗigo guda a kan takarda. Rinin da ke da rai iri ɗaya tak, ɗigonsa kan faɗo ne a bakin wata rabin da'ira, kamar ƙwarya a kife: gajeren rai can dama, dogon rai can hagu. Enrico Gratton da abokan aikinsa ne suka yaɗa amfani da wannan hanya a hotunan FLIM da takardarsu ta 2008.

Na gyara jinkirin na'urar da ɗan fayil ɗin da ta haɗo, ɗigona ya hau bakin ƙwaryar, daf da ƙololuwa. Na yi murna. Sai na raba S da G, na raba da saurin lezar da aka ninka da 2π, amsa ta ba ni nanosakan 2. Rabin abin da ya kamata. Na sake sau uku, 2 ɗin dai. Ta ce ta ga inda matsalar take amma ba za ta faɗa ba. Na ji haushi, na yi mata sallama a taƙaice.

Litinin, 2 Disamba

Batirin inbata na asibiti ya fara gajiya, ƙarfe biyu yake mutuwa. Madubin ba ya cin wuta sosai, na haɗa shi da ƙaramin batirin sola na gida. Silaid sha ɗaya. Da dare na sake bin layukan Excel ɗaya bayan ɗaya, ban ga kuskure ba.

Talata, 3 Disamba

Na gano shi bayan sallar asuba. Duk misalan da ta yi min a baki da leza mai ƙyaftawa miliyan 80 a daƙiƙa ta yi su, wato nanosakan 12.5 tsakanin ƙyaftawa biyu, ni kuma na ɗauki 80 ɗin na zuba a lissafin ƙarshe ban tambaya ba. Da na gangara ƙasan layin lokaci sai na ga ya kai 25. Lezar wannan fayil miliyan 40 ce. Sain da kosain sun fita daidai don da lambar gurbi na lissafa su, zagaye ɗaya cikin 256, amma wurin mayar da amsa zuwa nanosakan na raba da ninki biyu. Na gyara, ta ba ni 4 da 'yan kai. Bayanin yana rubuce cikin fayil ɗin tun farko.

Na tura mata hoto. Ta amsa da muryarta tana kan hanyar jirgin ƙasa: "Madalla. Yanzu har abada ba za ka buɗe fayil ba ka duba saurin leza ba." Na ba ta haƙurin fushin Asabar.

Asabar, 7 Disamba

Na tambaye ta tsawon ran oramin. Ta yi shiru kaɗan, ta ce in sayo gilisarin a kemis in gani da idona. ₦1,200.

Bayan an tashi aiki na sa safar hannu, na ɗauko kwalabe biyu, ruwa a ɗaya, gilisarin a ɗaya, na ɗiga rini daidai wa daida. A hasken rana duka ruwan ɗorawa ne, ba bambanci. Na ɗiga kowanne a silaid na sa ƙarƙashin shuɗin haske. Na ruwa kusan baƙi. Na gilisarin ya cika fili da haske. Rini ɗaya, yawa ɗaya, fitila ɗaya.

Ga dalili yadda ta faɗa. Ƙwayar oramin zobba biyu gare ta da ke iya murɗawa. A ruwa ba abin da ya riƙe su, tana shan haske sai ta murɗa ta zubar da ƙarfin ba tare da ta haskaka ba, cikin 'yan fikosakan (kashi ɗaya cikin dubu na nanosakan), gajartar da ko na'urarsu ba ta kamawa. A abu mai kauri, ko idan ta maƙale a jikin wani abu, murɗawar ta yi wuya, ta daɗe riƙe da ƙarfin, sai ya fita a haske. Ke nan sandunan da nake ƙirgawa kullum suna ƙyalli ne saboda jikin ƙwayar cutar ya kama rinin ya hana shi motsi. Wata guda ina ɗaukar darasin Asabar da aikin Litinin a matsayin abu biyu daban. Na kira Oga ya leƙa, ya ce in ajiye kwalaben mu nuna wa ɗaliban da ke zuwa koyon aiki.

Alhamis, 12 Disamba

Wani dattijo makiyayi ya kawo kakin ƙarshen wata na biyu. Sababbin masu tari na'urar gwaji ta GeneXpert ake tura nasu, mu bibiya ce aikinmu: wata na biyu, na biyar, da na shida. Na bi tsawon shafin, na ga wasu 'yan sanduna, na koma 400 na duba kowanne da siffarsa, na bar masu walƙiyar banza. Na gaske ne, amma kaɗan, wasu sun gutsuttsure. Na rubuta adadin. Yana zaune a benci da sandarsa, ya ce, "Ɗana, har yanzu tana nan?" Na ce, "Baba, ta ragu ƙwarai, amma kada ku bar maganin ko na kwana ɗaya." Na raka shi wurin mai ba da magani.

Rini ba ya bambance ƙwaya mai rai da matacciya, duka yana kama su. Na rubuta wa Yaya: ko tsawon ran ƙyallin zai bambanta su? Ta ce tambaya ce ta gaske, kuma amsarta sai an auna, kada in sa a raina cewa e ce.

Asabar, 14 Disamba

Ba darasi, ɗaurin aure a dangi. Zoɓo ma ana ta tsinka, na taya gida.

Asabar, 21 Disamba

Fayil na ƙwayoyin halitta masu rai, ba a sa musu rini ko kaɗan ba. Abin da ke ƙyalli a cikinsu NADH ne, sinadarin da ƙwaya ke sarrafa abinci da shi. Idan yana sake ransa wajen nanosakan 0.4 ne, idan ya kama jikin furotin ya ninka haka sau da yawa. Labarin oramin ne ya dawo da wata riga.

Na fara da FLIMJ, ɓangaren lissafin tsawon rai cikin Fiji, na ce ta nemo rai biyu a kowane ɗigo. Hoton da ya fito kamar an watsa gero da dawa da barkono wuri guda, ɗigo kusa da ɗigo amsa ta sha bamban. Na duba, foton bai kai ɗari biyu ba a mafi yawansu. Rai ɗaya ana iya ciro shi da 'yan ɗaruruwa, rai biyu kuwa dubbai yake so. Na haɗe ɗigo tara-tara, hoton ya rage kaifi amma ya natsu, har ana gane tsakiyar ƙwaya da kewayenta. Manhajar ba ta taɓa cewa foton bai isa ba, lamba kawai take bayarwa mai ɗigo uku a baya kamar ta tabbata. Wannan ya ba ni tsoro fiye da kuskuren 80 da 40.

A fezo kuma, da ɗan rubutun Python da ta aiko, ɗigogin suka taru cikin ƙwaryar, ba a bakinta ba, suka miƙe kan layi tsakanin gajeren rai da dogo. Cakuda biyu haka yake zama. Fayil biyu ne, A da B, ta ce an sa wa ɗaya maganin da ke toshe numfashin ƙwaya. Gajimaren B ya karkata wajen gajeren rai, NADH sakakke ya yi yawa ke nan. Na ce B. Ta ce daidai.

Asabar, 28 Disamba

Maimaici kawai. Fayil uku, kowanne na fara da saurin leza, da awon fuloresin, da ƙirga foton. Data ₦3,500.

Litinin, 6 Janairu 2025

Lissafin wata biyu daga aljihuna ya tasam ma ₦45,000, mafi yawa ƙwaƙwalwar kwamfuta da data da hanya. Silaid 214 na karanta da sabon madubi.

Silaid goman Malam sun iso yau, zan karanta su gobe da sassafe kafin layi ya taru. Batirin inbata har yanzu ba a canza ba, na rubuta takarda ta biyu. Rinin da muka haɗa a Nuwamba ya fara yin laka a gindin kwalba, sai an haɗa sabo cikin makon nan.

Wajen Yaya darasi na gaba FRET ne, inda rini biyu da ke tsakanin nanomita (kashi ɗaya cikin miliyan na milimita) 10 da juna ɗaya ke miƙa wa ɗaya ƙarfinsa, ran mai bayarwa ya gajarta. Muna so mu gama shi kafin azumi, don daren Asabar zai koma na tarawihi. Ta kuma sami izinin malaminta ta auna oramin cikin gilisarin mai kauri daban-daban a na'urarsu, fayil ɗin kuma ni zan fara buɗe shi. Ta ce in rubuto mata gwargwadon ruwa da gilisarin da nake so. Na zaɓi biyar, na tura mata ɗazu.